Jan Fentin Ciyaman

Shekara talatin da ɗaya ina malamin daji, ban taɓa ganin wanda ya hau tudun bayan garinmu don nishaɗi ba, sai da ƙanin matata ya dawo daga birni da keke ɗaure a kan rufin mota. Mu da muka tashi a nan, tudu wahala ce. Mata na hawansa neman itacen girki, mu muna hawansa don aiki ya sa, kuma duk wanda ya sauko sai ya tsoma ƙafa a ruwan ɗumi. Amma shi Auta, haka yayarsa ke kiransa har yau da furfura ta fito masa a gemu, ya zo mana da labarin wai akwai mutanen da ke barin kujerunsu masu laushi su je su yi gumi a kan tudun wasu, kuma wai garinmu ya daɗe yana barci bai san abin da yake da shi ba.

Garin namu tsoho ne, ban musa ba. Akwai ganuwar dutse da rabinta ya zube, akwai ƙofa mai baka wadda babbar mota ba ta iya shiga, akwai lungunan da aka shimfiɗe da duwatsu tun kafin kakana, waɗanda in an yi ruwa tsofaffi sai sun dafa bango. A bayan tudun kuma akwai wani tsohon garin irin namu, mai hasumiya da agogon da ya daɗe da tsayawa. Dabarar Auta ita ce a fitar da hanyar keke daga ƙofarmu, ta ratsa gandun daji, ta hau ƙololuwa, ta gangara har gindin hasumiyar can. Aka kafa kwamiti. Kwamiti kuwa ba ya zama babu shugaba, kuma wanda ya kawo magana shi ake ɗora wa, don haka Auta ya wayi gari Ciyaman. Mutumin da a gabana, yana ɗan saurayi, ya faɗa kwata da keken haya aka kai shi ɗinki a haɓa.

Ni duk wannan ko a jikina. Su hau, su sauka, su karya abin da za su karya. Abin da ya dame ni a kan tudun ɗaya ne. A ƙololuwa akwai itatuwan maɗaci goma sha bakwai, a jere bakin tsohuwar hanyar ƙafa, kowanne sai mutum uku sun haɗa hannu kafin su zagaye shi. Iyaye muke ce musu. Mahaifina, wanda na gaji aikin daga hannunsa, shi ya hana a taɓa su lokacin da aka yi wa tudun aski, domin 'ya'yan maɗaci masu fiffike ne, iska ke kwasarsu ta watsa a gangare. Duk maɗacin da ke tsaye a gefen nan, in ba ɗansu ba ne to jikansu ne. Sau uku 'yan kwangila na zuwa da takarda daga sama za su sare su, sau uku ina mayar da su inda suka fito. An taɓa jefa ni wani ƙauye na wata takwas saboda taurin kaina a kansu. Saura shekara biyu in yi ritaya, kuma burina bai wuce in miƙa su a tsaye ba, goma sha bakwai, yadda aka miƙa mini.

Aikin malamin daji ba wani asiri ba ne, amma yana da ƙa'ida. Kowace shekara nakan zaga da gwangwanin jan fenti da buroshi, in zaɓi itatuwan da suka isa sara ko suka kamu da ciwo, in ja musu layi ɗaya a tsayin ƙirji, ta gefen da ke kallon hanya. Iyakar maganata da masu zarto ke nan. Mai zarto ba ya tambayar shekarun itace, ba ya tambayar wa ya rene shi. Ya ga ja ya sare, bai ga ja ba ya wuce. Kowace mai ɗiban itacen girki a garin nan ta san wannan. Sai wanda ya shekara ashirin a birni yana kallon kwamfuta ne zai iya mantawa.

Sau ɗaya na je taron kwamitin nasu, shi ma don matata ta matsa ne. A ɗakin karatu na gari aka yi, suka ture kantocin littattafai gefe suka haska taswira a bango. Auta na tsaye da ɗan sanda a hannu yana bin wani layi mai lanƙwasa, yana raɗa wa tudun sunayen da ba shi da su, nan hawa na ɗaya, nan gangaren gwanaye. Kwazazzabon da akuya ma ke kauce wa, shi ya kira wurin ɗaukar hoto. Na ɗaga hannu zan tambayi abu ɗaya tak, wato da me za su yi wa hanyar alama a cikin dajina. Ya dube ni da murmushin nan na masu sabon muƙami.

"Yaya, ka bari mu gama tukuna. Wannan fanni ne na zamani, ba irin naku na adda da takalmin roba ba."

Aka yi dariya. Mai kantin magani ya yi, hedimasta ya yi, har matar nan mai masaukin baƙi, wadda na taɓa fitar wa da maciji daga ɗakin girki, ta rufe baki da hannu. Na sauke hannuna. Maganar ta yi mini zafi har ƙashi, ban kuwa ɓoye wa kaina ba. Na ce a raina ba a ƙwace wa yaro garma, in ta yi masa nauyi da kansa zai yar. Na jira aka tashi, na fita ban yi wa kowa sallama ba.

Bayan mako biyu, wata ranar Litinin, na shiga ɗan ɗakin da nake ajiye kayan aiki a bayan gida, na tarar babu gwangwani biyu na fenti, babu buroshin da na fi so. Matata na shanya a tsakar gida. Ta ce ai Auta ne ya zo shekaranjiya ina wurin renon dashe, wai allunan alamar hanya da suka yi oda ba za su iso kafin buɗe hanya ba, ya ga fenti a ajiye ya ce a ara masa. Ta faɗa kamar gishiri ya zo ara. Na sa takalmin robar nan da aka yi wa dariya, na kama hanyar tudu.

Hawan awa ɗaya da rabi ne a ƙafa, ga wanda ya san inda zai taka, kuma ƙafar ce ta rage mini tun da babur ɗin ofis ya mutu bara. Daga ƙasa ban ga komai ba sai nawa alamun, itace arba'in da na ware wa saran bana. Sai da na wuce dutsen da ruwa ke fitowa a ƙarƙashinsa na fara ganin aikin Ciyaman. Duk inda hanya ta rabu ya zana kibiya a jikin dutse, wannan kam ba laifi. Amma da ya iso ƙololuwa, inda babu dutse, sai ya koma kan itace. Kuma da yake mai ilimi ne, ya yi tunanin wanda ke gudu a kan keke ba zai ga alama a jikin siririn itace ba, sai ya zaɓi masu kauri. Layi ɗaya, ja, a tsayin ƙirji, ta gefen hanya. Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina ƙirgawa. Bai tsallake ko guda ba. Layin nasa ma ya fi nawa miƙewa.

Da mai hankali ne ya tsaya a wurin, da gabansa ya faɗi. Ni dariya na yi. Na zauna a kan saiwar babbansu na yi dariya har tari ya sarƙe ni. Ƙaramin sani ƙuƙumi, ga shi an rubuta da ja sau goma sha bakwai. A nan zaune na tsara abina. Bisa takardar da ke hannuna, masu zarto ba za su zo ba sai mako uku bayan buɗe hanya, kuma ba su taɓa tayar da inji ba sai na tsaya a gabansu ranar farko. Buɗewa kuwa Asabar ta sama ce, kuma a nan ƙarƙashin Iyaye za a yanke kintinkiri, gaban manyan baƙi, har da shugaban ofishinmu. Zan bari Ciyaman ya gama jawabinsa, a tafa masa, sannan in ɗaga hannu in yi tambayar da aka hana ni yi. Ba ma sai na ba da amsa ba. Shugabanmu zai juya ya ga layukan da idonsa.

Ina shiga gida matata ta gane akwai magana, ta ce rabon da ta ga haƙorana a waje haka tun auren 'yarmu. Na ba ta labari, ina yi ina kwaikwayon yadda Auta zai tsaya da buroshi yana auna tsayi. Ba ta yi dariya ba. Ta ajiye kwanon da ke hannunta.

"To ka kira shi ka faɗa masa mana. Ko ka hau gobe ka gyara abinka."

"In gyara me? Aikin zamani ne. Ni na adda da takalmin roba, ina ni ina taɓa shi."

"Malam, in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere."

Na ce mata ba rami ba ne, darasi ne, kuma wanda zai yi wa ƙaninta amfani har ƙarshen rayuwarsa. Na ɗauko takardar saran na nuna mata kwanan wata da yatsa. Na kuma ce in har ta tsegunta masa, to ta zaɓi ɓangare ke nan. Ta daɗe tana kallona. Shekara ashirin da tara muna tare, ba ta taɓa ganin na yi kuskure a kan maganar daji ba, shi ya sa ta yarda. Ta ce ita ba ta shiga tsakanin mijinta da ƙaninta, amma in tuna ta faɗa.

Kwanakin da suka biyo baya na ji daɗinsu, ba zan yi ƙarya ba. Masu keken suka fara zuwa gwaji, mota bayan mota. In na taso aiki sai in zauna a bencin mai facin taya da ke bakin ƙofar gari in ba idona abinci. Manyan mutane masu tumbi, cikin wandon da ke nuna duk abin da ya kamata wando ya rufe, da hular kwano mai ramuka, da tabarau kamar na masu walda. Kekunan kuwa taya kamar ta babur, giya ashirin da wani abu, amma babu kariyar ɗora kaya, babu ƙararrawa, keken da ba zai ɗauko maka ko buhun gawayi ba. Su tashi daga ƙofa da ƙarfi kamar ana binsu, kafin su kai dutsen ruwa rabinsu sun sauka suna turawa, wasu ma keken ne ke hawansu. Wani ya tambaye ni ko akwai zaki a dajin. Na ce masa akwai, amma ba ya cin mai irin wannan wandon. Wata kuma ta shafe rabin awa tana ɗaukar hoton gefen ganuwar da awaki ke kwana, tana cewa tarihi ne.

Shi kuma Ciyaman kullum yana tsakiyarsu, da usur a wuya da takardu a hammata, yana nuna tudu kamar shi ya tara ƙasar. In ya hango ni sai ya ɗaga hannu, ni ma in ɗaga masa da fara'a sosai, don na san abin da na ajiye masa. Sau uku ya kira wayata a farkon makon buɗewa. Ina ganin lambarsa ina barin ta ta yi ta kuka har ta gaji.

Ranar Talata da yamma ya zo gida da kansa, cikin kayan nasu, takalminsa mai ƙarfe a ƙasa yana ƙwas-ƙwas a kan siminti. Ya gaishe ni, ya gaida yayarsa, ya zaro ambulan mai hoton keke a jiki. Ya fara cewa ya biya ta ofishinmu ɗazu, sai na tare shi. Na tambaye shi ko a haka ya shiga ofishin, gaban mata da maza. Na tambaye shi wandon a jikinsa tela ya ɗinka shi ko zuba shi aka yi a ciki. Na ce yayarsa ta kawo masa zani ya ɗaura kafin maƙwabta su shigo. Ya yi ƙoƙarin murmushi bai samu ba. Ya ajiye ambulan a kan tebur, ya ce komai na ciki, don Allah in duba, ya fita bai sha ruwan da aka kawo masa ba. Katin gayyata ne, na ce a raina, ai ko ba a gayyace ni ba zan je. Na wurga shi saman kabad.

Ranar Alhamis da hantsi ina bencin mai faci. Saura kwana biyu, har na gama zaɓen rigar da zan sa. Auta na kan tsani a bakin ƙofa yana ɗaura ƙyallen maraba, masu keke sun cika wurin da surutu. Wajen ƙarfe sha ɗaya iska ta juyo daga tudu, ta kawo wani sauti. Sauran mutane ba su ji ba, ko sun ji sun ɗauka babur ne. Ni na shekara talatin da ɗaya ina jinsa. Injin zarto ne, kuma ba ɗaya ba. Na miƙe na tambayi wa ke sara a tudu, na faɗa da ƙarfi har surutun ya tsaya. Auta ya leƙo daga kan tsani.

"Yaya, kana nan? Ai na ɗauka kana can tare da su. Masu zartonku ne. Mu muka roƙi shugabanku a matso da saran, kada motocin katako su riƙa haɗuwa da masu keke in an buɗe hanya. Takardarsa na cikin ambulan ɗin da na kai maka. Ƙarfe bakwai aka ce ka same su a gindin tudu."

Masu zarto daga sama suke farawa, su yi ƙasa, don kada gungumen da suka fara kayarwa su tare musu hanyar gangaro da sauran. Wannan ma kowa a garin nan ya sani. Kuma 'yan kwangilar bana baƙi ne, daga nesa aka ɗauko su, ba su taɓa jin an ce Iyaye ba.

"Fentinka na jikin Iyaye," na ce masa. "Ja a daji sara ne."

Ya tsaya kallona, igiyar ƙyallen a hannunsa. Na ga lokacin da maganar ta shige shi. Ya saki igiyar, ya diro daga tsanin tun bai kai ƙasa ba, ya fizge keke daga hannun wani baƙo, ko hula bai sa ba. Dole in faɗi gaskiya ko da ba daɗi, ya iya. Ya miƙe tsaye a kan feda, ya ratsa ƙofa, ya kama hawan da na yi ta yi wa mutane dariya a kai, kuma bai sauka ya tura ba har ya ɓace cikin itatuwa. Ni kuma na bi shi da takalmin roba da gwiwoyin ɗan shekara hamsin da takwas.

Faɗuwar babban itace ba a kunne kawai ake jinta ba, a tafin ƙafa ake ji. Kafin in kai dutsen ruwa na ji sau biyu. Na yi gudu, na faɗi, na tashi, na yi ta kiran mutanen da ba za su ji ni ba. Na wuce itatuwana arba'in, waɗanda aka zo dominsu, suna tsaye lafiya lau da jan layinsu. Na ji ta uku. Daga nan injinan suka mutu ɗaya bayan ɗaya, dajin ya yi shiru. Na san Auta ya isa. Ni sai bayan kusan awa guda na isa, ina jan ƙafa.

Abin da na fara gani haske ne. Wurin da rana ba ta taɓa sauka ƙasa ba ko da tsaka, ga shi fayau, har ana hango hasumiyar garin can. Warin ɗanyen katako ya cika ko'ina. Ga Iyaye kwance bakin hanya, wasu a kan wasu, rassansu sun kakkarye, kututturansu jajaye suna tsatsar ruwa. Ban so ƙirgawa ba amma aikin ya riga ya shiga jikina. Goma sha huɗu.

Shugaban masu zarton wani ƙato ne mai abin toshe kunne rataye a wuya. Ya zo ya same ni da ladabi. Ya ce sun jira ni har ƙarfe takwas, ba su da lambata, takarda kuma ta ce su bi ja, suka bi. Ya ce shi ma da ya ga kaurinsu sai da ya ce wa yaransa bana malamin daji ya buɗe hannu. Ya ja ni wurin wani gungume ya nuna mini da yatsa.

"Malam, ga layi, ga tsayi, ga gefe. Fentin ma irin naku ne. In akwai kuskure ka nuna mini."

Na sunkuya na duba layin. Mutumin ya yi aikinsa daidai yadda ni da kaina zan koya masa.

Auta na zaune ya jingina bayansa da na goma sha biyar. An riga an fara yi wa itacen baki, zurfin yatsa biyu, a nan ya shiga tsakanin zarto da itace. Gwiwarsa na jini, ashe ya faɗi a kwanar ƙarshe ya ƙarasa da ƙafa, keken na can yashe da taya a lanƙwashe. Yana ganina ya fara kuka, kukan babban mutum mara kyan gani. Ya ce ya kashe mini su. Ya rantse bai sani ba. Ya ce yau ɗin nan zai je ofishinmu ya faɗa da bakinsa shi ne ya shafa fentin, kada a taɓa aikina, zai ajiye shugabancin, zai tsaya gaban gari ya faɗa. Ya ce ya tuna yana yaro mahaifina ya taɓa ɗora shi a kafaɗa a nan wurin ya tsinko masa ƙwallon maɗaci.

Kwana goma ina wasa kalmomin da zan jefe shi da su. Ga shi a ƙasa, ga 'yan kallo, ga komai yadda na so har ya wuce. Sai na kau da kai na dubi kututturan. Ya share fuska da gefen riga, sannan ya ɗago.

"Amma Yaya, kana bakin ƙofa ka ce fentina na jikinsu. Yaushe ka gani?"

Ina iya cewa jiya da yamma. Ina iya cewa wata mai itace ce ta faɗa mini da safe. Ba mai ƙaryata ni a wurin, kuma na san matata ba za ta tona ni ba. Masu zarto huɗu na tsaye suna saurare.

"Litinin."

"Wannan da ta wuce?"

"Waccan."

Na ga leɓensa na motsi yana ƙirga kwanakin. Bai ɗaga murya ba. Ya dafa itacen ya miƙe, ya ɗingisa ya je ya ɗauki keken ya saɓa a kafaɗa. Da ya zo daidai ni ya tsaya, amma bai dube ni ba.

"Sau uku na kira ka, Yaya. Har gida na zo."

Ya kama gangara. Na bi shi da ido har ya shige inuwar ƙananan itatuwa. Na raina mutane da yawa a rayuwata, wasu da dalili wasu babu, amma ban taɓa raina wani kamar yadda na raina kaina a wurin nan ba.

Shugaban masu zarton ya matso ya tambaye ni yadda za su yi da ukun da suka rage, tunda har yanzu akwai ja a jikinsu, kuma yaransa da ja suke aiki. Na ce su dakata. Na zaro wuƙar aljihuna na fara kankarewa. Ɓawon maɗaci ba ya gardama, ɓarɓashi-ɓarɓashi yake fita, fentin na zuba a kan takalmina. Na gama na farko, na wuce na biyu, na wuce na uku. Da na gama na duba agogo, ban san abin da ya sa ba. Minti goma bai cika ba.